Littattafanki Ba Na Naɗin Ƙuli Ba Ne

Assalamu alaikum, Bilkisu.

Bayan gaisuwa irin ta uwa da 'yarta, ina roƙon Allah Ya kai ki Katsina lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na direbobin nan masu gudu kamar an biyo su, Ya sa ki shiga gidan kawunki da ƙafar dama, Ya ba ki sa'ar karatun jinyar da ya raba ki da ɗakina. Babanki ya ce in faɗa miki ki riƙe salla. Na faɗa. Sauran maganar duk tawa ce, tana da tsawo kuma, shi ya sa zan miƙa miki takardar a tasha, ki karanta a mota tun kafin ki sauka. In an matse ki a kujera ki yi haƙuri, ki dai karanta.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Maganar abin da kika yi mini yau da hantsi ce. Ina gindin turmi ina matsar mai, hannuna duk tunkuza, kika fito da kwalin littattafanki a ka, kika dire shi kusa da ni, kika ce, "Inna, ga waɗannan, ki riƙa naɗa ƙuli da su, kada su yi ta cin wuri." Kika juya kika koma ɗaki kina ninke kaya kamar ba ki ce komai ba. Ke kin sani, ni na sani, rabona da naɗa ƙuli a takarda tun kina rarrafe, leda ta karɓe wannan aiki. Kin dai kasa zubar da su da hannunki ne kika kawo mini in yi miki. To, ba zan yi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da ke ba, kuma da na buɗe baki a lokacin faɗa zan yi. Shi ya sa na bari sai da na wanke hannu na nemo biro.

Na san inda abin ya samo asali. Ran da kawunki, Yaya Lawal, ya zo nan Zango don a tsayar da maganar zamanki a gidansa, ina jin ku ta taga. Ya ɗaga littafin nan naki na tsuntsaye ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga na taurari, ya ɗaga wancan mai labarin mutanen da ke zaune cikin ƙanƙara. Sannan ya yi gyaran murya irin tasa ta tsohon hedimasta, ya ce karatu biyu ya sani a gidansa, wanda zai fid da mutum a jarrabawa da wanda zai fid da shi gobe ƙiyama, saura duk cika kai da shara ne. Kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Kawu." Wannan amsa na san ta, Bilkisu. A bakina aka fara yin ta, ga wannan mutumin dai, kuma ta cinye mini shekarun da ba za su dawo ba. Bari in ɗauko miki labarin tun daga tushe.

Kakarki Iya, Allah Ya jiƙanta, ƙosai take toyawa a ƙofar gidanmu a Daura, a zamanin da takarda ake naɗa wa mai saye. Dami-dami ake kawo mata tsofaffin takardu, jaridu ne, littattafan rubutu na 'yan makaranta ne, har da littattafan da suka yage suka rasa bango. Iya tana da doka guda wadda ba ta sassauta wa kowa. Ba a naɗa ƙosai a takarda sai an duba ta ciki da baya, kada a zuba maiƙo a kan sunan Allah, mai ci ya gama ya yar a kwata. Mai rubutun Larabci ita da kanta take gane ta ta ware. Ta boko ce ta gagare ta, ni kuwa na ɗan taɓa firamare, sai aikin ya faɗo a kaina. Kullum da la'asar ta turo mini dami ta ce, "Hajara, duba mini da kyau, kada ki jawo mana abin da ya fi ƙarfinmu." Duk wadda na ga sunan a ciki sai in sa ta a wata tsohuwar tukunya, in ta cika a ƙone, a binne tokar a wuri mai tsabta.

Kin san ba a samun kalma ɗaya a shafi sai an bi layi-layi. Da neman suna na fara, ban ankara ba na koma bin magana. Takardun Turanci ba su tsayar da ni ba, in leƙa in wuce. Na Hausa kuwa, wane Bahaushe ne zai cika shafi bai ambaci Allah ba? Ko gaisuwa aka yi sai Ya fito. Tukunya ta yi ta cika, Iya tana mita: "Wannan dami duk na tukunya ne, to da me zan naɗa ƙosan, da zanena?" Ni kuwa murna fal a cikina, domin duk abin da ya shiga tukunya nawa ne har ranar ƙonawa.

A nan na gamu da labarin da har yau yake cina. Tsakiyarsa kawai na samu, babu farko babu ƙarshe. Wani maɗinki ne aka kawo masa ɗinkin babbar riga, ya gama, mai riga bai dawo karɓa ba. Shekara ta juyo, amanar ta hana shi sukuni, sai ya ƙunshe rigar ya shiga duniya neman mai ita. Na bi shi gari-gari har bakin wani kogi, inda mai fito ya hango wuyan rigar ya leƙo daga ƙunshi, ya tsayar da tuƙi ya ce ya san wannan riga. A nan takardun suka ƙare. Na tsame su daga tukunya na ɓoye a ƙarƙashin tabarmata, ina sa rai wani damin zai zo da saura.

Ga inda na fara ɓata wa kaina. Yaya Lawal ya dawo hutu daga kwalejin horon malamai, da farin takalmi da biro a aljihu, duk gida ana lallaɓa shi kamar ƙwai. Bai kama ni ba, bai bincike ni ba. Ni da ƙafata na ɗauko takardun na kai masa, don ina so ya yaba mini. Na durƙusa na ce, "Yaya, wannan yana da kyau in karanta?" Ya duba sama-sama, ya ɗago ya ce, "Mene ne amfaninsa?" Na lalubi amsa a kaina ban samu ba, domin labarin ba ya koyar da girki, ba ya koyar da alwala, ba ya fitowa a jarrabawa. Sai ya ce in mayar da su inda Iya ta ce a sa su. Na ce, "To, Yaya." Da hannuna na mayar, a gabana aka ƙone. Har yau ban san ko maɗinkin nan ya sadu da mai rigarsa ba.

Na daɗe ina ɗora wa kawunki wannan laifi, sai da na girma na ga nawa ya fi yawa. Duk wanda aka durƙusa aka nemi izininsa, dole ya ji shi ne mai bayarwa da hanawa. Don haka ki raba abu biyu a ranki. Shawara ki nema wurin kowa, malami ne, ƙawa ce, mai baza littattafai a tasha ne, ki ji me suka karanta ya yi musu daɗi, ki gwada. Izini kuwa, a kan abin da idonki zai bi a lokacin hutunki, kada ki miƙa shi ga kowa, ko ni da na haife ki. Ita kuma tambayar nan ta amfani kada ta razana ki. Ba kowane abu mai shiga rai ne ake iya faɗin amfaninsa a tsaye ba. Kawunki da kansa yakan kafa rediyo a kunne yana jin yadda ake buga ƙwallo a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, har ya yi tsaki in an ci 'yan wajensa, kuma ban ji wanda ya tsare shi da tambaya ba.

Don ya share mini hawaye a wancan lokaci, sai ya ba ni wani littafi mai kauri kan tsabtar gida da ladubban zama da mutane, ya ce in na gama in zo ya ba ni wani. Littafin kirki ne, ban ce ba. Amma wanda ya rubuta shi da alama bai taɓa dariya ba tunda uwarsa ta haife shi. In na buɗe, kafin in juya shafi hamma ta kama ni. Na kuma sa wa raina cewa abin kunya ne in taɓa wani ban gama wannan ba, tunda babba ne ya ba ni. Da shi aka kawo ni ɗakin babanki a cikin akwati. Na haifi yayyenki yana nan, tsinken tsintsiyar da na sa alama bai gusa daga inda yake ba. Littafi guda ya zauna mini a bakin ƙofa, shi bai shiga ba, bai bar wani ya shiga ba. Ƙuruciyata kaf, lokacin da idona ke tsintar allura a cikin yashi, ban karanta komai ba sai rubutun jikin gwangwani.

Babanki ne ya kwance ni, shi da iyakar bokonsa lambar mota. Wata rana ya dawo daga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ya tarar ina gyangyaɗi a kan littafin. Ya ce, "Wai ke wannan littafi aure aka ɗaura muku?" Na gaya masa dalili. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a zauren malaminsu, inda yake ɗaukar karatu, kowa da littafin da yake zuwa da shi, wani fiƙihu, wani hadisi, wani waƙoƙin yabon Annabi, malam ya biya wa kowa nasa. Wanda ya ji nasa ya yi masa nauyi yakan ajiye ya ɗauko mai sauƙi, in ya yi ƙwari ya koma, kuma ba a taɓa korar kowa a kan haka ba. Ya ce, "In karatun lahira ma mutum yana zaɓen inda zai kama, na hira ne za a ɗaure ki da shi?" Ranar na cire tsinken tsintsiyar na rufe littafin, na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

To ki ji da kyau. Littattafan makarantarki ba sa cikin wannan magana. Su alkawari ne kika ɗauka, rayukan mutane za a damƙa miki, ki karance su ko sun kai maɗaci ɗaci. Alƙur'aninki kuwa ba sai na faɗa ba. Amma abin da ya rage na lokacinki bayan kin sauke waɗannan, naki ne ke kaɗai. Littafin da bai karɓe ki ba ki rufe shi ba tare da neman gafarar kowa ba, ko wane ne ya ba ki. Wurin da ya yi miki tsawo ki tsallake. Wanda kike so ki maimaita shi har bangonsa ya fita, kada wani ya ce miki ai kin riga kin karanta. In wata ya zo da ba ki jin karanta komai, ki huta, ba zunubi ba ne.

Da ma a nan na tsaya da wauta, da na gode Allah. Na koma karatu, amma a ɓoye, kamar mai satar nama a tukunya. Wata rana na sauke ƙuli yana hucewa, na miƙe ƙafa a tsakar gida da wani littafin labari da na saya da gumina wurin mai baza littattafai a tashar Daura, sai ga sallamar Yaya Lawal a zaure. Kafin in tura shi ƙarƙashin tabarma ya shigo. Muka gaisa, idonsa yana kan littafin. Ya ce, "Har yanzu, Hajara?" A lokacin ina da 'ya'ya, ina da sana'ata, a gidan mijina nake, amma na daburce kamar yarinyar da aka kama da hannu a miya. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a Yaya, na naɗin ƙuli ne." Don ya yarda, na kama littafin na ɓarke shi a gabansa, na yagi shafuka na naɗa masa ƙuli mai zafi na tsaraba. Ban duba ko guda ba. Ni da na tashi a gindin tukunyar Iya, ni ce na zuba maiƙo a kan takardar da na san ba za a rasa sunan Allah a cikinta ba, don tsoron kallon ɗan'uwana kawai. Bayan ya tafi na zauna na yi kuka, na yi istigfari, na tattara sauran na ƙone. Wannan ya fi duk sauran yi mini ciwo, shi ne kuma ya faɗo mini yau da kika dire kwalin nan kusa da turmi.

Ɓoyo ne ya kai ni ga ƙarya, ƙarya ta kai ni ga abin da ya fi ta muni. Saboda haka abin da za ki karanta ki karanta shi a fili, a tsakar gida, bangonsa yana kallon mutane. Ban ce babu rubutun banza a duniya ba. Akwai shi, a takarda da cikin waya, kuma zai zo har inda kike ba tare da kin gayyace shi ba. In kika ji kina karanta abin da ke sa ki kunya tsakaninki da Mahaliccinki, ki rufe shi da kanki, ko babu kowa a ɗakin. Ke za ki rufe, don kin san abin da ya dace da ke, ba don an leƙo ba. Kunyar Allah daban take da tsoron mutane, ni kuwa na daɗe ina cakuɗa su wuri guda.

Can makaranta ma za ki tarar da wasu kawunnan, masu ƙananan shekaru da jan baki. Wata za ta ga littafin Hausa a hannunki ta yi miki kallon 'yar ƙauye. Wata za ta riƙe ƙaton littafin Turanci tana yawo da shi a hammata, ta ce duk wanda bai karanta shi ba bai waye ba, alhali ita ma tsinken tsintsiyarta yana shafin farko. Wasu za su ce kowa yana bin wani labari a waya, ke me kike jira. Ki gwada in kina so, in bai yi miki ba ki koma wa tsuntsayenki. Wanda ya hana ki karanta abin da kike so da wanda ya tilasta miki abin da ba ki so, aiki ɗaya suke yi.

Wannan magana ta ƙarshe a kaina ta fi faɗawa, domin saura laifin da na yi miki ke. Da kika fara haɗa baƙi, na yi murna na ce Allah Ya ba ni abokiyar hira. Na kwaso miki littattafan labaraina, ina jiran mu zauna mu yi ta tsegumin mutanen ciki. Kika karanta guda kika dawo mini da shi kika ce, "Inna, ai duk shiri ne, wani ne ya zauna ya ƙirƙira." Kamar kin watsa mini ruwan sanyi. Ke sai abin da ke akwai da gaske, ina shamuwa ke zuwa in ta bar mu, me ya sa wata ke ramewa ya sake cika. Na riƙa yi miki ba'a a gaban yayyenki, ina cewa kin zauna kina karatun tsuntsun da ba za ki soya ba. Kina dariya tare da mu, amma na lura daga baya kin daina fitowa da shi tsakar gida.

Sai kuma ɗabi'ar nan taki ta fara kowane littafi daga shafin ƙarshe. Abin yana ƙona mini rai. Na yi faɗa, na yi lallashi, kika ce mini, "Inna, in na san inda za a sauka, na fi jin daɗin hanya." Ban saurare ki ba. Kin tuna littafin da na ba ki da hutun nan, wanda na sa allura da zare na ɗinke shafukansa na ƙarshe don dole ki bi ta gaba? Na yi abin ina jin kaina mai dabara. Kika karɓa da hannu biyu, kika ga ɗinkin, kika ce, "To, Inna." Ba ki ƙara buɗe shi ba, yana nan a kan taga zaren bai tsinke ba. Ni da aka ƙone mini labari ban ga ƙarshensa ba, ni ce na zauna na ɗinke wa 'yata ƙarshen labari. Da na ji amsar da kika ba kawunki ta taga, na gane a wurina kika koye ta. Ki yafe mini, Bilkisu. Ki fara daga inda kika ga dama, ko daga tsakiya ne, idonki ne.

Yanzu ga abin da na yi. Bayan azahar na ɗauki waya na kira kawunki. Tsoronsa yana nan, ba zan ɓoye miki ba, da furfurata da komai. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ciwon gwiwarsa, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce, "Hajara, faɗi abin da ke bakinki."

Na ce, "Yaya, Bilkisu za ta zo da littattafanta."

Ya ce, "Ai na riga na yi magana."

Na ce, "Na ji maganar, ta taga ma na ji ta. Amma za ta zo da su."

Na gaya masa cewa sallarki, da lokacin dawowarki gida, da waɗanda za ki yi hulɗa da su, da karatun makaranta, duk na damƙa masa, in kin kauce ya hukunta ki ba sai ya tambaye ni ba. Abin da za ki karanta bayan kin gama aikinki kuwa, wannan naki ne. Sannan na tuna masa ƙulin nan na tsaraba, na ce ƙarya na yi masa ranar, littafin karatuna ne.

Ya gyara murya. Can ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Tun a mota na warware na ga abin da ke jikin takardar. Na ce 'yar Iya ba za ta naɗa wannan da saninta ba, sai dai in tsorona ta ji. Ƙulin ma ban iya ci ba. Da na isa gida na ƙone takardar na binne tokar."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini duk shekarun nan?"

Ya ce, "Ke me ya hana ki?"

Kada ki ɗauka ya sauko, kawunki ne fa. Ya sake gyara murya ya ce gidansa ba kasuwar littattafai ba ce, duk wanda ya shigo sai ya gan shi da idonsa, kuma zai tambaye ki da bakinsa. Na ce ya gani, ya tambaya, amma in ya gama ya mayar miki a hannunki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in gai da babanki. Iyakar abin da zan iya yi daga Zango ke nan, saura yana bakinki.

Ki sani mutumin kirki ne. Shi ya tsaya mini tsayin daka lokacin jinyar Iya, shi ya fara cewa lalle sai kin wuce sakandare lokacin da wasu ke taɓe baki. Tsoronsa kada ki lalace ne, kuma tun yana saurayi hanya ɗaya ya sani ta tsare wanda yake so, ya zaɓar masa. Ki girmama shi fiye da yadda kike girmama ni. Ki gaishe shi a durƙushe, ki taya matarsa aiki, kada ki ɗaga masa murya ko da wasa, ki kuma kawo masa sakamakon jarrabawa da zai rufe masa baki. Amma ladabi bai ce ki ba da abin da ba a isa a karɓa ba. In ya karɓe littattafan ya ƙi mayarwa, kada ki yi musu, kada ki yi kuka a gabansa, ki kira ni kawai. Na san hanyar tasha, motar Katsina kuma ba ta ƙarewa. Zan zo in shimfiɗa tabarma a tsakar gidansa, in buɗe littafin tsuntsayen nan in yi ta karantawa da ƙarfi, ko Turancinsa zai karya mini haƙora, har ya gaji ya miƙo saura. Wallahi zan yi, kin san ni.

Allah Ya tsare mini ke a tafiya da zama, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da abokan arziki, Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga marasa lafiya. Allah Ya ƙara wa idonki haske, Ya buɗe miki ƙirji, Ya dawo mini da ke lafiya in ga abin da kika zama. Ki gai da kawunki da mutanen gidansa duka. Ƙulin guzurinki yana cikin kwanon sha mai murfi, ban naɗa shi a komai ba.

Na san halinki, na san nan kika fara karantawa, kuma wannan karon ban ɗinke ba. To ga inda za a sauka. Littattafanki suna cikin buhun geron da na aika wa kawunki, ba a ƙasa ba, a sama, inda duk wanda ya kwance bakin buhun su zai fara gani, kuma shi zai kwance. Zai ɗaga guda ya ce miki, "Mene ne amfaninsa?" Kada ki lalubi dogon bayani, kada kuma ki ce to. Ki durƙusa ki ba shi amsar da na rasa a ƙofar gidanmu a Daura, ki ce, "Kawu, ina son sa ne." Sannan ki miƙa hannu biyu ki jira.

Yanzu sai ki koma farko ki ji yadda aka yi.

Mahaifiyarki,
Hajara